Jan Zobe a Jikin Loko

Daga sama aka fara hango ɓarnar. Mu da muke kwana muke tashi a gindin dajin, ko labari ba mu da shi. Abin kunya ne, amma haka aka yi.

Eliwaza ce ta kawo maganar, ma'aikaciyar nan mai auna itatuwa da ke zuwa mana daga Morogoro. Ta sauka daga babur da hantsi, laka har gwiwa, ko shayin da aka miƙa mata ba ta karɓa ba, ta wuce gidan Mndolwa mai gadin dajin ƙauyenmu Kwezindo. Ta buɗe masa hotuna biyu a wayarta, duka na tauraron ɗan adam. A na bara daji kore shar, kan wani babban itacen loko ya yi rumfa a tsakiya. A na bana kuwa wurin ya yi toka-toka, kamar inda garwashi ya faɗa wa zane.

"Mzee Mndolwa, me ya sami lokonmu?"

"Zubar ganye yake yi, 'yar'uwa. Ai kowane loko yana yi."

"Sauran duk sun tofo tuni. Shi kaɗai ya rage tsirara."

Mndolwa ya ɗauki addarsa. Mutum ne da ya yi ƙuruciyarsa yana bin sawun aladun daji masu cinye wa mutane rogo, har gashinsa ya fara fari aka ba shi gadin daji, ya koma bin sawun masu zarto. Ba shi da yawan magana. In ya sunkuya yana kallon ƙasa, yara kan ce gaisawa suke yi.

Aikin su Eliwaza kowa a ƙauyen ya san shi, ko dai muna zaton kowa ya sani. Jirgi kan ratsa ta saman daji yana harbo wani haske, hasken ya daki kan itace ya koma, da haka ake sanin tsawon kowane itace. To amma jirgi bai san kauri ba. Sai an sauko ƙasa an keɓe wani fili, an zagaya igiyar awo a jikin kowane itace daidai ƙirjin mutum, sannan a shafa jan fenti zobe guda a wurin, don in an dawo a auna daidai inda aka auna. Da tsawon da kaurin ake gane nauyin itacen da ke dajin gaba ɗaya. Filin awon kuwa an kafa masa doka, ba mai shiga, kada a tattake ƙananan tsiro. Shi kansa Mndolwa ta gefe yake bi, ya hango lokon daga nesa ya wuce.

Daga nesan ma ranar lafiya lau yake tsaye. Sai da suka matso Eliwaza ta ja ta tsaya.

"Ina fentina?"

Babu jan zobe. A gurbinsa busasshiyar laka ce aka shafe, ta kama launin ɓawon itacen. Mndolwa ya sa bakin adda ya ɓantare kaɗan. Lakar ta zube, sai ga farin itace tsirara, babu ɓawo, faɗin tafin hannu. Ya bi yana ɓantara nan da can yana zagayawa, yana fatan ya tarar da ko ɗan ziri ɗaya da ya rage a haɗe. Ya dawo inda ya faro bai samu ba. An yanke wa lokon maƙogwaro, ya mutu a tsaye.

Eliwaza ta zauna a ƙasa daɓas. "Shi kaɗai ya fi rabin filin nan nauyi," in ji ta. "Tun kakan kakanka ba a haife shi ba yake nan."

*

Kafin azahar Kwezindo ta gama shari'a. Chavala ne. Wa zai zama in ba shi ba? Baƙo ne daga Iringa, zarto ne ya kawo shi tun yana saurayi, ya auri 'yar gari ya zauna. Ya daɗe da ajiye zarton ya kama noman kanumfari da masoro, amma mutanenmu, Allah ya shirye mu, ba ma mantuwa da asalin mutum sai in bashi muke nema a wurinsa. Ga shi kuma kowa ya san dabarar: itace mai rai ba a ba da izinin sare shi, matacce kuwa ana bayarwa.

Dokar ƙauye a kan haka ba ta da kwana. Wanda ya kashe babban itace, a karɓe gonarsa, ya bar gari.

Shemweta shugaban ƙauye ya kira Mndolwa gefe. "Ranar itace za mu taru. Ka kawo mini hujja in rufe bakin mutane. Ko ba ka kawo ba, ka san inda ƙuri'a za ta faɗa."

Ranar itace ita ce ranar da ake barin mata su shiga daji su tsinto busassun rassa, kuma saura kwana kaɗan.

*

A bakin rafin da ke ƙasa da filin awo Mndolwa ya ga sawun takalmin roba, diddigen hagu ya cinye ta waje. Bai sha wahala ba, sawun ya kai shi har ƙofar Chavala. Ya same shi yana shanya kanumfari a tabarma, matarsa na bakin murhu ta juya baya, yara sun yi tsit.

"Ka zo kama ni, suruki?"

"Na zo tambaya. Me ya kai ka filin awo?"

Chavala ya yi 'yar dariya marar daɗi. "Kallo. Ƙarya zan yi maka? Nakan tsaya a bakin turakun da suka kewaye filin in dubi lokon in ce, kai, wannan da a zamaninmu ne! Ido ne, Mndolwa, ba a yi masa takunkumi. Amma ka dubi raunin da kyau? Da ni ne, gatari zan sa, kafin shayi ya huce na gama. Wancan kankara aka yi da 'yar wuƙa, yau kaɗan gobe kaɗan. Wane mai zarto ne yake da wannan haƙurin?"

Mndolwa ya riga ya lura da haka, amma bai nuna ba.

"Sun ce in tafi," in ji Chavala, ya sassauta murya. "In tafi ina? Iringa wa ya san ni yanzu? Ɗana na fari yana kwance a bayan ɗakin nan. Shi ma in tone shi in ɗauka?"

Matar ta goge ido da bakin zane ba ta juyo ba. Mndolwa ya yi musu sallama, zuciyarsa ba daɗi.

*

Lakar ce ta tsaya masa a rai. Mai kashe itace me ya haɗa shi da rufe rauni? Masu magani ne ke yin haka, in sun ɓanɓari ɓawo su shafe wurin da ƙasa don ya warke. Don haka ya naɗe ɓangoren lakar a ganyen ayaba ya hau tudu wurin tsoho Hiza mai magani.

"Au, yanzu kuma ni ne?" Hiza ya zabura. "Ni da na yi maka maganin tsutsa kana yawo ba wando? Ka ji ɗan banza!"

"Allah ya ba ka haƙuri, Mzee. Laka na gani."

"Mu muna ɗiba ta gabas, mu ɗiba ta yamma, ba ma taɓa haɗa su. Wanda ya zagaye itace ba mai magani ba ne, mahauci ne. Kawo in gani."

Ya murza lakar a yatsu, ya sansana, ya ɗan taɓa a harshe ya tofar.

"Mu baƙar ƙasar gindin itacen muke shafawa, nan take, mu wuce. Wannan ja ce, daga gari aka ɗauko ta. Ga toka, ga kashin shanu, ga ƙaiƙayi. Wannan kwaɓin yaɓen ɗaki ne, yaro. Kai da ake cewa kana jin maganar ƙasa, ba ka gane aikin mata ba?"

Mndolwa ya sauko daga tudun yana juya maganar. Wace mace ce za ta ɗauko laka a ka tun daga gari, ta hau wannan hawan, don ta yaɓe itacen da ta kashe?

*

Washegari da sassafe ya koma shi kaɗai. An yi ruwa, ƙasa ta yi laushi. Wannan karon bai bi hanyar rafi ba, ya zagaya ta bayan filin, ta inda mata ke tsintar itace. A ƙarƙashin wani kwantaccen gungume inda ruwa bai taɓa ba ya ga sawu, ƙaramar ƙafa ba takalmi, taku gajere, da ramin sanda a gefen dama.

Ya bi har jikin lokon. Ta wannan ɓangaren akwai inda bai ɓantare ba, kuma lakar wurin ba ta daɗe ba. Rana ta ratso ta inda ganye ya kamata ya tare ta, ta haska yaɓen a karkace, sai shatin yatsu ya fito raɗau. An ja hannu an lanƙwasa, an ja an lanƙwasa. A kowane ja layi uku ne dogaye, na huɗun guntu, yana farawa daga rabi.

Ya dafa itacen.

Wannan shatin ya san shi tun bai san sunansa ba. Shi ne a bangon ɗakin da aka haife shi, daidai inda yake juya fuska in zai yi barci. Yana yaro yakan sa yatsunsa a cikin layukan yana bi, ya zo kan guntun ya tsaya. Mahaifiyarsa Makihiyo adda ta cire mata rabin yatsa tun tana budurwa.

Ya tsaya ya daɗe. Lakar da ɗan danshinta, tafin hannu ɗaya ya isa ya share komai. Ba wanda ya gani sai shi. Ranar itace a yi taro, a nuna Chavala, a wuce wurin. Har ya ɗaga hannun, wallahi ya ɗaga. Sai ya tuna matar nan da ta goge ido ba ta juyo ba, ya sauke hannun, ya zauna a gindin itacen ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun rasuwar mahaifinsa.

*

Ya same ta a ƙofar ɗakinta tana tsintar wake. Shekarun nan hankalinta yana zuwa yana tafiya. Wata rana ta san kowa har da jikokin maƙwabta, wata rana ta kira shi da sunan mahaifinsa, Shekiondo. Duk ranar itace takan ɗauki kwandonta ta bi mata, ta ɓace musu, ta dawo da 'yan tsinke uku. Har tsokanarta ake yi, Kaka wannan itacen ai ko ƙwai ba zai dafa ba. Shi ma yana cikin masu dariyar.

Ya durƙusa ya gaishe ta. Ya kama hannunta na dama, ga baƙin tabon ƙaron loko a bakin farce.

"Mama, me kike kaiwa daji a kwando?"

Ta waiga hagu da dama, ta jawo shi kusa. "Yi a hankali, Shekiondo, yaron nan zai ji. Sun dawo."

"Su wa?"

"Masu jan fenti mana! Ba ka gani ba? Sun sa wa babban. Wannan karon ba su yi wasa ba, zagaye shi suka yi. Kai kana ta yawonka, ni kaɗai na yi ta fama."

Sai a lokacin labarin ya dawo masa, labarin da ya ji sau ɗaya yana yaro aka ce ya rufe bakinsa. A zamanin kamfanin katako, ma'aikaci kan shiga gaba ya ɗiga wa itace jan fenti, masu zarto su biyo baya su kayar da duk mai alama. Mahaifinsa da mahaifiyarsa, suna sabon aure, sukan riga masu zarto shiga, shi ya kankare alamar, ita ta yaɓe wurin da laka ta kwashe ɓawon a kwando. Da yawa ba su tsira ba. Lokon nan ya tsira, shi ya sa cikin manya-manyan ya rage shi kaɗai a tsaye. Amma alamar wancan zamanin ɗigo ce, ba ta fi tafin hannu ba, ana kankarewa itace ya warke.

"Fentin ya shiga ciki sosai," in ji ta. "Sai da na bi shi har kan farin itace. Amma ko ɗigo ban bari ba. Yana cikin tulun can, na rufe."

Ya buɗe tulun. Cike yake da gutsattsarin ɓawo, kowanne da ja a bayansa.

"Na yi daidai ko?"

Ya mayar da murfin, ya ce mata waken ya yi kyau.

*

Ranar itace Mndolwa ya ce ba a ofishin ƙauye za a taru ba, a gindin lokon. Eliwaza ta yarda a taka filin sau ɗaya. Aka zo, maza da mata, Shemweta a gaba, Hiza yana dogara sanda yana mita, Chavala a gefe shi kaɗai kamar mai cutar da ake gudu.

Mndolwa ya kwaɓa laka a kan wani faffaɗan dutse. "Chavala, ja hannunka a nan." Ya ja, layi huɗu. "Mzee Hiza." Tsohon ya ja yana zagi, layi huɗu. Ya sa Eliwaza ta ja, ya sa Shemweta, shi ma ya ja nasa.

"To ku zo ku dubi na jikin itacen."

Maza suka duba ba su ga komai ba. Matan ne suka gane. Babu tsohon ɗaki a Kwezindo da hannun nan bai taya yaɓe ba. Wata dattijuwa ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi," ta ja mayafi ta rufe baki.

"Mahaifiyata ce," in ji Mndolwa. Ya faɗi sauran a taƙaice, idonsa a ƙasa, har da zancen kamfani da tulun. "Chavala ba shi da laifi. Ni aka ba gadi, kuma daga gidana aka fito. In gona za a karɓa, ga tawa. In gari za a bari, zan goya ta mu tafi. Abu ɗaya nake roƙo, kada wanda ya gaya mata cewa itacen ya mutu."

Eliwaza ta rufe fuska da hannu. "Ranar da muka yi wa gari bayanin fentin nan," in ji ta, "tsofaffin mata suna bayan makaranta suna dafa mana abinci. Ita ce ta zuba mini ayaba da wake. Ban ce mata komai ba sai na gode."

Shemweta ya buɗe baki zai yi maganar doka, sai aka ji ƙarar sanda a kan saiwa. Mutane suka dare.

Ga ta nan tafe, 'yar ƙarama, kwando a ka, ƙafa ba takalmi. Ta ga taro ta tsaya. Ta ga inda aka ɓantare lakar, farin itace a fili, sai ta saki sandar.

"Wa ya buɗe? Wa ya buɗe shi? Za su gani!" Idonta ya faɗa kan Chavala, ta gane shi sarai, irin ganewar shekarun baya. Ta tafi da sauri ta jingina bayanta da itacen ta ware hannuwa. "Kai mai zarto! Babu alama a jikinsa. Duba da kyau, babu ja. Wuce gaba!"

Ba wanda ya motsa. Mutumin da aka kwana ana shirin kora ya tako a hankali, ya cire hularsa. Ya zagaya lokon yana dubawa sama da ƙasa, kamar yadda ake yi a da, ya dawo gabanta ya rusuna.

"Gaskiyarki, Mama. Na duba, babu alama. Wannan ba na sara ba ne." Ya yi gyaran murya. "Muddin ina garin nan zarto ba zai taɓa shi ba."

Shemweta ya dubi Chavala, ya dubi tsohuwar, ya share fuska da tafin hannu. "To ai sai ka zauna ka cika alkawari," in ji shi. "Ba mai barin gari. Ku watse, ku bi ta gefe, kada ku tattake wa yarinyar nan tsiro."

Aka watse ba hayaniya. Eliwaza ce ta tafi a ƙarshe. Ta ce wa Mndolwa a hankali, jirgi zai ci gaba da ganin lokon da tsawonsa na wasu shekaru, sai dai a wurinsu ya koma cikin matattun da ke tsaye, har ranar da zai faɗi da kansa.

Makihiyo ta sauke kwandon ta yaye ganyen ayaban da ta rufe lakar da shi. Ta ɗaga kai ta dubi rassan, rana ta cika mata ido.

"Bana ya yi jinkirin tofo," in ji ta.

"Ya yi jinkiri, Mama."

"Zai tofo. Tsoho ne, ba ya gaggawa. Zo ka taya ni, kada rana ta busar da ita."

Mndolwa ya ajiye addarsa ya ɗebi laka ya manna a kan farin itacen. Ta dube shi ta yi tsaki, ta ture hannunsa.

"Ba haka ba. Hannunka ya cika nauyi, za ka ji masa ciwo."

Ta ɗora nata a kan nasa ta ja, ta lanƙwasa.